Casablanca: fim ɗin da ya gagari masu sharhi tun 1942

Ranar 8 ga Disamba 1941, kwana ɗaya bayan harin da Japan ta kai wa jiragen ruwan Amurka a Pearl Harbor, wani ma'aikacin kamfanin Warner Bros. mai aikin karanta labaran da ake kawo wa kamfanin ya buɗe wani wasan kwaikwayo da ba a taɓa ɗora shi a dandali ba. Murray Burnett da Joan Alison ne suka rubuta shi, suka raɗa masa Everybody Comes to Rick's. Kamfanin ya saye shi dala 20,000, kuɗi mai tsoka ga wasan da ba a gwada ba, furodusa Hal Wallis kuma ya sauya masa suna zuwa Casablanca. An fara ɗauka ranar 25 ga Mayu 1942, aka gama ranar 3 ga Agusta, aka kashe wajen dala miliyan ɗaya. A zamanin nan manyan kamfanonin Hollywood ba sa hutawa, wannan fim na fita wancan na shiga, 'yan wasa kuwa ma'aikata ne masu karɓar albashi, inda aka tura su nan za su je. Babu wanda ya zo wurin ɗaukar nan da tunanin yana aikin da jikokinsa za su yi musu a kai.

Yau fim ɗin ya haura shekara 80, saboda haka babu sirrin da zan ɓoye game da yadda ya ƙare.

Labarin yana faruwa ne a Disambar 1941. Faransa ta faɗa hannun Jamus tun watan Yunin 1940, Maroko kuwa tana ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wadda ta miƙa wuya ga Hitler tana kiran kanta mai 'yanci. Mutanen Turai da suka tsere wa 'yan Nazi suna bin doguwar hanya, daga Paris zuwa Marseille, su tsallaka teku zuwa Oran, su gangaro birnin Kasablanka na Maroko, duk don su sami biza ta zuwa Lisbon, inda ake shiga jirgi zuwa Amurka. Mai kuɗi ko mai hanya ya wuce. Saura su zauna jira. Wurin da suke taruwa da dare shi ne gidan rawar Rick Blaine, Ba'amurken da Humphrey Bogart ya fito a matsayinsa, mutum mai ɗacin rai wanda ke yawan faɗin cewa shi ba ya sa kansa a uku saboda kowa. Sai dai tarihinsa ya ƙaryata bakinsa: a 1935 ya yi safarar bindigogi zuwa Habasha lokacin da Italiya ta mamaye ta, a 1936 ya yi yaƙi a Sifaniya a ɓangaren da aka ci. Wani ɗan damfara, Ugarte, ya ba shi ajiyar takardun izinin fita guda biyu da aka ƙwato daga hannun wasu 'yan aiken Jamus da aka kashe, Rick ya cusa su cikin fiyanon abokinsa Sam. A daren aka kama Ugarte, bai fito da rai ba. A daren kuma Victor Laszlo, jagoran 'yan gwagwarmaya daga Chekoslobakiya wanda ya kuɓuce daga sansanin gwale-gwale, ya shigo gidan da matarsa Ilsa Lund, wato Ingrid Bergman. Ilsa ita ce macen da ta bar Rick tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Paris ranar da suka shirya gudu tare, ruwan sama na wanke tawadar 'yar wasiƙar da ta aiko masa. Abin da bai sani ba shi ne tun kafin su haɗu matar aure ce, an ce mata mijin ya mutu, sai a ranar ta ji yana raye, ba shi da lafiya, an ɓoye shi a wajen gari. Yanzu takardun biyu ne, mutane uku. A ƙarshe Rick ya sa ta a jirgi tare da mijinta, ya harbe Manjo Strasser na Jamus da ya zo tare hanya, shugaban 'yan sanda Kyaftin Renault kuma, maimakon ya kama shi, ya umarci yaransa su je su kamo waɗanda aka saba kamawa.

Sa'a ta yi wa fim ɗin hidima ba kaɗan ba. Ranar 8 ga Nuwamba 1942 sojojin Amurka da na Birtaniya suka sauka a Arewacin Afirka, sunan Kasablanka ya cika jaridu, kamfanin ya gaggauta nuna fim ɗin a New York ranar 26 ga watan. Da aka tashi sakinsa a duk ƙasa, ranar 23 ga Janairu 1943, Roosevelt da Churchill suna zaune a otel ɗin Anfa da ke birnin suna tsara yadda yaƙin zai ci gaba. Tallan da kuɗi ba zai saya ba ke nan. Ya kawo wajen dala miliyan 3.7 a Amurka a zagayen farko, ciniki mai kyau, amma ba shi ne kan gaba a shekarar ba.

Masu sharhi na farko sun yaba, yabon da ake yi wa abin da ya ɗebe kewa. Bosley Crowther na jaridar New York Times ya ce fim ne mai sa tsigar jiki tashi. Mujallar Variety ta fi mai da hankali kan amfaninsa a matsayin farfagandar yaƙi. New Yorker ta taɓe baki ta ce ba laifi, ana iya kallo. James Agee, wanda yana cikin masu kaifin alƙalami na lokacin, ya yarda ya ji daɗinsa, amma ya yi mamakin yadda mutane suka fara ɗaukarsa da muhimmanci. A bikin Oscar na ranar 2 ga Maris 1944 ya shiga takara a rukuni takwas, ya ci uku: fim mafi kyau, darakta, da tsarin labari. Bogart bai ci ba. Bergman ko sunanta ba a sa ba saboda wannan fim, an sa ta ne saboda wani daban. Da aka kira kyautar fim mafi kyau, mai kamfanin, Jack Warner, ya riga Wallis hawa dandali ya karɓe, Wallis bai yafe ba, ba a jima ba ya bar kamfanin.

Da a nan maganar ta tsaya, da Casablanca ya bi sahun ɗimbin fina-finan da suka ci Oscar aka manta da su. Rayuwarsa ta biyu ta fara ne a 1957, shekarar da Bogart ya mutu, lokacin da wata ƙaramar sinima mai suna Brattle a garin Cambridge, kusa da Jami'ar Harvard, ta fara nuna tsofaffin fina-finansa a makon jarrabawa. Ɗalibai suka mai da abin al'ada, suna zuwa da irin rigar ruwan Bogart, suna faɗin maganganun tare da 'yan wasan. Wasu jami'o'i suka kwaikwaya, talabijin ta ɗauka tana maimaitawa ba dare ba rana. Matasan da ba su ga yaƙin ba su ne suka ɗaga shi, masu sharhi kuma suka wayi gari da aikin bayyana dalili.

A nan aka sami cikas. A shekarun 1960 ra'ayin da ya yi tashe tsakanin masana fim shi ne cewa babban fim sai da babban darakta, mutum guda wanda ake ganin hannunsa a kowace fitowa kamar yadda ake gane salon marubuci. Daraktan fim ɗin, Michael Curtiz, ɗan asalin Hangari, gwani ne ƙwarai, ya yi fina-finai fiye da ɗari, amma duk abin da aka miƙo masa yi yake, na 'yan fashin teku, na kaboyi, na waƙa. Labarin ma hannu da yawa ne: tagwaye Julius da Philip Epstein suka zuba barkwanci, Howard Koch ya ƙara siyasa, Casey Robinson ya gyara ɓangaren soyayya ba tare da an rubuta sunansa ba, ana ɗauka ana kawo sababbin shafuka. Jumlar ƙarshe ta fim ɗin Wallis ne ya zaɓe ta, aka kira Bogart bayan makonni ya ɗora murya. To wa za a ce ya yi fim ɗin? Andrew Sarris, wanda ya fi kowa yaɗa wancan ra'ayi a Amurka, ya ɗaga hannu ya ce wannan katari ne mafi daɗi, kuma shi ne babban abin da ya fita daga ƙa'idarsa. Pauline Kael ta ce ya yi nisa da zama babban fim, amma yana da wata irin soyayya mai araha da ke jan mutum. Umberto Eco, masanin nan na Italiya, ya fi kowa zurfafawa. A ganinsa fim ne matsakaici, labarinsa bai riƙe juna ba, halayen mutanensa na sauyawa ba dalili. Sai dai masu yinsa, da suka rasa inda za su nufa, sun kwaso duk wata tsohuwar dabara da aka gaji da gani suka zuba: masoyin da aka yaudara, gwarzo marar aibu, mugu mai kaki, ƙasar baƙi, takardar da ke buɗe kowace ƙofa. Eco ya ce irin waɗannan idan biyu ne dariya suke ba mutum, idan suka kai ɗari sai su taɓa zuciya.

Kurakuran da suke nunawa na gaskiya ne. Takardun da labarin ya rataya a kansu babu irinsu a tarihi, marubutan ne suka ƙirƙira, kuma hankali ba zai ɗauka ba a ce 'yan Nazi za su tsaya suna kallon babban abokin gabarsu ya hau jirgi saboda wata takarda mai sa hannu. Laszlo, wanda ake nema ruwa a jallo, yana yawo a gari da farar kwat ko ƙura babu, yana zama teburi ɗaya da masu farautarsa. Renault yana cewa suna cikin hamada, alhali birnin a bakin Tekun Atlantika yake. Jirgin da ke fitowa ta ƙarshe na katako ne, ƙarami, aka sa gajerun mutane su kewaye shi a matsayin makanikai don ya yi girma a ido, aka tura hazo ya rufe sauran. A 1982 wani marubuci, Chuck Ross, ya sake buga labarin da sunansa na asali ya aika wa wakilan marubuta 217. Cikin 85 da suka karanta, 33 ne kawai suka gane shi, 38 suka ce bai yi ba. Riga ce mai faci-faci, duk wanda ya matso zai ga ɗinkin.

Amma bayanin Eco, duk da daɗinsa, bai gamsar da ni ba. Hollywood ta yi ɗaruruwan fina-finai da suka tara tsofaffin dabaru fiye da ɗari, babu wanda ke tuna su. Abin da ya bambanta wannan, a ganina, yana cikin mutanen da ke zaune a teburan baya.

Cikin 'yan wasan da aka rubuta sunayensu, uku ne kawai haifaffun Amurka: Bogart, da Dooley Wilson mai fitowa a Sam, da Joy Page. Da yawa daga sauran, da waɗanda ko suna ba a rubuta musu ba, 'yan gudun hijira ne na gaske. Conrad Veidt, wanda ya fito a mugun Manjo Strasser, babban tauraro ne a Jamus, ya bar ƙasar a 1933 da matarsa Bayahudiya, ya ƙare rayuwarsa yana sa kakin mutanen da suka kore shi. S. Z. Sakall, tsohon nan mai kumatu da ke kai wa baƙi abin sha, 'yan'uwansa mata uku a sansanonin Nazi suka mutu. Helmut Dantine an tsare shi bayan Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938. Marcel Dalio, mai juya teburin caca, jarumi ne a manyan fina-finan Jean Renoir a Faransa, ga shi nan an ba shi 'yan jumloli. Shi da matarsa Madeleine Lebeau sun gudu daga Paris a 1940, suka yi jira a Lisbon, suka sayi bizar Chile, sai da jirgi ya kai Meziko aka gano ta jabu ce. Wato abin da suke kwaikwaya a gaban kyamara, shekara biyu kacal da suka wuce shi ne rayuwarsu.

Dubi yadda fim ɗin ya shiga gidan Rick da farko. Kafin mu ga fuskar jarumi, kyamara tana bin teburi teburi. Wani mutum yana cewa jira, jira, jira, shi a nan zai mutu. Wata mata tana miƙa awarwaronta na lu'ulu'u tana roƙon a ƙara mata, mai saye yana ce mata kowa lu'ulu'u yake sayarwa, kasuwa ta cika. Wasu na raɗa kan jirgin kamun kifi da zai tashi da dare, a zo da kuɗi a hannu. Can gaba ga wasu tsofaffi, mata da miji, suna murnar gobe za su tafi Amurka, sun ce daga yau Ingilishi kawai za su yi don su saba, suna kwaɓa shi, mai kallo na dariya yana jin tausayi. Su ma 'yan wasan biyu korarru ne daga ƙasashen da Hitler ya mamaye. Sai kuma amaryar nan 'yar Bulgeriya da ta zo tana tambayar Rick, cikin kewaye-kewaye, ko Renault yana cika alkawari, domin ya nemi ta biya kuɗin biza da jikinta. Rick ya je ya tsaya bayan angon a teburin caca, ya raɗa masa ya sa a lamba 22, ya ci, ya ce ya bar shi a nan, ya sake ci, ya ce ya kwashi kuɗinsa kada ya dawo. Waɗannan ƙananan fitowar su ne suke ba takardun ƙaryar nan nauyi. Ba ka tsayawa tambayar ko akwai irinsu a tarihi, domin ka riga ka ga fuskokin da ke bukatarsu.

Fitowar da ta fi kowace shahara ma ba ta soyayya ba ce. Rick da Laszlo suna sama suna gardama kan takardun, sai suka ji hafsoshin Jamus sun mamaye fiyanon Sam suna rera waƙar kishin ƙasarsu. Laszlo ya sauko, ya nufi makaɗa, ya ce su buga taken Faransa. Makaɗan suka dubi Rick. Rick ya ɗan gyaɗa kai, iyakar abin da ya yi ke nan, kuma a nan mutumin da ba ya sa kansa a uku ya shiga ukun. Gidan ya miƙe tsaye, murya ta danne murya, Jamusawa suka gaji suka zauna. Kyamara ta tsaya kan Yvonne, budurwar da ɗazu ta shigo riƙe da hannun sojan Jamus, tana waƙa hawaye na zuba. Madeleine Lebeau ce, shekararta 19, ƙasarta na hannun maƙiyi a ranar da ake ɗaukar wannan hoto. A lokacin bazarar 1942 Jamus na kutsawa cikin Rasha, janar ɗinta Rommel ya kai bakin Masar, babu wanda ya san wa zai ci yaƙin. Duk fim ɗin da aka yi kan wannan yaƙi bayan 1945 ya san ƙarshen labari, wannan kuwa bai sani ba, kuma ana jin haka a cikinsa. Abin mamaki, duk da cewa masu kamfanin da furodusa da darakta da tagwayen marubutan Yahudawa ne, babu inda aka ambaci Bayahude a fim ɗin. An bar mai kallo ya gane da kansa, ko kada ya gane.

Akwai gwajin da tarihi ya yi mana kyauta. A 1952, da aka kai fim ɗin Jamus ta Yamma, an yanke kusan minti 25. Aka cire Strasser gaba ɗaya, aka cire duk wani ɗan Nazi, aka cire fitowar waƙar, Laszlo ya koma wani masanin kimiyya ɗan Norway mai suna Victor Larsen wanda ya gano wani sirri ake binsa. Sai a 1975 Jamusawa suka ga cikakkensa a talabijin. Duk wanda ya san labarin zai iya auna abin da ya rage bayan wannan aski: mace tsakanin maza biyu, ɗaya yana shan giya yana ƙorafi, sai ya haƙura ba tare da wani dalili mai ƙarfi ba. Soyayyar Rick da Ilsa, idan aka tsame ta ita kaɗai, siririya ce. Abin da muka gani na zamansu a Paris bai wuce yawo a mota da rawa da kofin shampen ba, sun ma yi alkawarin ba mai tambayar wani tarihinsa.

Wannan ya kawo mu ga Ilsa, inda sukar zamanin nan ta fi cizo. An daɗe ana yaɗa cewa har ranar ƙarshe ba wanda ya san wa za ta bi. Bergman da kanta ta ce ta tambaya aka ce mata ta tsaya tsakiya. Amma Aljean Harmetz, wadda ta bi takardun kamfanin ta fitar da littafi a 1992, ta nuna cewa ko a wasan asali da mijin take tafiya, kuma hukumar tace fina-finai ta lokacin, ƙarƙashin Joseph Breen, ba za ta taɓa yarda matar aure ta bar mijinta ta bi wani ba. Abin da ya dami marubutan shi ne yadda za a kai can ba tare da mai kallo ya ji an cuce shi ba. Mafitar da suka samo ita ce a ɗauke zaɓin daga hannunta. Matar da ta yi ƙarfin halin zaro bindiga ta auna Rick, minti kaɗan bayan haka tana kwance a kafaɗarsa tana cewa ta gaji, shi ya yi musu tunani. Shi kuwa ya yi, bai shawarce ta ba, sai a filin jirgi ta ji sunan da za a rubuta a takarda. Ya gaya mata damuwar mutum uku ba ta kai komai ba a duniyar da ta haukace, kuma idan ta tsaya za ta yi nadama. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma dalilin da ya bayar shi ne Laszlo na bukatarta don aikinsa, wato an mai da ita guzurin gwarzo. Abin da ya ceci wannan rubutu shi ne fuskar Bergman. Mai ɗaukar hoto Arthur Edeson ya tausasa hasken da ke kanta, ya sa idanunta na ƙyalli, ita kuma ta cika gurbin da marubuta suka bari da kallo kawai. A fitowar waƙar, duba yadda take kallon mijinta: tsoro ne da alfahari da wani abu da ba ta taɓa yi wa Rick ba. Daga nan na daina yarda da masu cewa tausayi kaɗai ya ɗaure ta da Laszlo.

Shi kansa Laszlo ana yawan yi masa dariya, wai sandararre ne, Paul Henreid da ya fito a matsayinsa bai ba shi jini ba. Ina ganin an rage masa. Ya gane abin da ke tsakanin matarsa da Rick tun daren farko, bai tuhume ta ba, daga baya ma ya roƙi Rick ya ɗauke ta su tafi idan hakan zai tsirar da ita. Sadaukarwar da ake yi wa Rick kirari a kai, Laszlo ya riga shi miƙa ta. Wanda kuwa aka yi wa sassauci fiye da kima shi ne Renault. Claude Rains ya buga shi da daɗin baki har mutum ya manta cewa wannan jami'i ne mai cin zarafin mata 'yan gudun hijira, wanda fursuna ya mutu a hannunsa yana zolayar ko ya rubuta kashe kansa ya yi ko gudu ya so yi. Ya jefa kwalbar ruwan Vichy a kwandon shara, shi ke nan an yafe masa.

Sauran magana ita ce ta ƙasar da aka ari sunanta. Ba a ɗauki ko fitowa ɗaya a Maroko ba, kusan komai a harabar kamfanin da ke Burbank aka yi, sai saukar jirgin Strasser a wani filin jirgi na kusa. Wannan ba laifi ba ne, yaƙi ake yi. Laifin shi ne fim ɗin da ya iya ganin kowane ɗan gudun hijira na Turai, har da tsohuwa mai koyon Ingilishi, bai ga masu gari ba. Kyamara ta sauko daga kan hasumiya zuwa kasuwa, daga nan 'yan Maroko suka zama ado: mai gadin ƙofa, mai tallan leshi da ke rage farashi, taron da ke wucewa. Jar dara ma a kan Ferrari take, Bature mai gidan rawar da ke gasa da Rick. Faransa ta ɗora wa Maroko mulkinta tun 1912. Saboda haka fitowar nan mai sa hawaye, idan aka ja da baya kaɗan, Turawa ne ke rera waƙar 'yanci don nuna ƙin mamaya, a ƙasar da su ma mamaye ta suka yi. A daidai lokacin da labarin ke faruwa, gwamnatin Vichy na da sansanonin aikin dole a gabashin Maroko, irin na Bou Arfa, inda aka tura Yahudawa da 'yan Sifaniya gina layin dogon da aka yi burin ya ratsa Sahara. Ranar 11 ga Janairu 1944, ƙasa da wata biyu kafin fim ɗin ya ci Oscar, 'yan kishin ƙasa na jam'iyyar Istiqlal suka fitar da takardar neman 'yancin kai, wanda bai samu ba sai 1956.

Ko Brazzaville da Rick da Renault suka nufa a ƙarshe, don su shiga rundunar Faransa mai 'yanci, suna kawai aka ambata. Wannan runduna ta sami wurin tsayawa ne saboda Félix Éboué, baƙar fata ɗan Guyana ta Faransa, gwamnan Chadi, ya bi bayan jagoranta, Janar de Gaulle, a watan Agustan 1940, kuma sojojin da suka tashi daga Chadi suka ci Kufra da ke Libiya a 1941 mafi yawansu 'yan Afirka ne.

Baƙin mutum ɗaya da fim ɗin ya ba murya shi ne Sam. Idan aka auna da abin da Hollywood ke ba baƙaƙe a 1942, matsayinsa da mutunci: abokin Rick ne, yana da kaso a ribar gidan, yana iya ce masa ya isa haka, kuma da Ferrari ya nemi a sayar masa da shi Rick ya ce ba ya cinikin mutane. Amma Ilsa, da ta hango shi, tambaya ta yi wane ne yaron da ke kaɗa fiyano, alhali Wilson na da shekara 56. Ba mu san inda yake kwana ba, ba mu san abin da yake so ba. Da Rick ya sayar da gidan, an sa Sam cikin yarjejeniyar, ba a kuma sake ganinsa ba. Shi ne ya rera waƙar da ta zama tambarin fim ɗin, tsohuwar waƙar Herman Hupfeld ta 1931, wadda mai kiɗan fim ɗin Max Steiner ya so ya cire, aka fasa saboda Bergman ta riga ta yanke gashinta don wani fim, ba damar sake ɗauka. Wilson makaɗin ganga ne, bai iya fiyano ba, wani ne ke bugawa a gefe yana kwaikwayon hannunsa. Fiyanon da ya yi kamar yana kaɗawa an yi gwanjonsa a 2014 kan dala miliyan 3.4.

Duk wannan suka ba ta rage masa farin jini ba. A 1989 yana cikin fina-finai 25 na farko da Amurka ta sa a kundin adana na ƙasa. Cibiyar fina-finai ta Amurka ta ba shi na biyu a 1998, na uku a 2007, na ɗaya a jerin labaran soyayya a 2002, ƙungiyar marubutan fim kuma ta zaɓi labarinsa a matsayin mafi kyau a 2006, labarin da wakilai 38 suka mayar wa Chuck Ross. Mai sharhin fim Roger Ebert ya raba gardamar da cewa fim ɗin Citizen Kane ya fi shi girma, amma Casablanca aka fi so. An gwada yi masa launi a 1988, masoya suka yi ca. An gwada mai da shi shirin talabijin sau biyu, a 1955 da 1983, duka ba su je ko'ina ba.

Masu yawon buɗe ido kuwa sun shafe shekaru suna sauka a Kasablanka suna tambayar ina gidan Rick, ana ce musu babu, ba a taɓa yi ba. A 2004 wata tsohuwar jami'ar diflomasiyyar Amurka, Kathy Kriger, ta gyara wani tsohon gida a jikin ganuwar tsohon garin, ta sa fiyano da fitilu irin na fim ɗin, ta buɗe shi da sunan Rick's Café.